Ranar Da Muka Ja Ɗakin Baba Haruna Zuwa Umdurman

Tun ranar da na dawo ba ku bar ni na sha shayina da zafinsa ba. Wannan ya ce, "Alhaji Sabo, ya Sudan?" Wancan ya ce, "Da gaske ne ranar can tana dafa ƙwai a kan mota?" Malam Ɗanjuma kuwa humrarsa kawai yake bibiya, wai ta uwargida ce, alhali duk sahun Juma'a mun san wanda ke shafawa. To ku gyara zama. Sau ɗaya zan faɗa, wanda ya tashi amsa waya kada ya dawo ya ce in koma baya.

Hajiya ce ta tura ni. Kun san sana'arta, lafaya da humra da turaren wuta. Ta ce tunda ƙafata ba ta iya zaman gida, gara ta yi yawon da zai amfane ta. Ni ma ina da nawa dalilin, muna da dangi a can. Ƙanen kakana ya bar Kano a ƙasa da niyyar Makka, guzuri ya ƙare masa a gonakin auduga na Jazira, ya ce bari ya ɗan taɓa noma kafin ya wuce. Ɗan taɓa noman nan shi ya zama aure, ya zama 'ya'ya, ya zama kabari. Ɗansa guda ne ya rage a raye, Baba Haruna, kuma ban taɓa sa shi a ido ba.

Da damina na tashi, abin da mai hankali ba ya yi. Maiduguri, Gamboru, Kusuri, Njamena, wannan duk kun sha ji a bakina, ba zan gajiyar da ku ba. A iyakar Sudan, bayan Adire, wani jami'i dogo kamar falwaya ya zazzage jakata a kan tebur, ya ci karo da ƙullin daddawar da Hajiya ta ce in kai wa dangi. Na ce shi ke nan, yau zan yi bayanin daddawa da Larabcina na tasha. Mutumin nan ya kwance leda, ya kai hanci, ya rufe ido. Sai na ji ya ce, da wata irin Hausa mai tauri kamar an daɗe da ajiye ta a akwati, "Ɗakin kakata." Wai daga Haɗeja take. Na gutsura masa, ya ƙi, na matsa, ya ƙi, sai da na cusa masa a aljihu. Da hannun nan ya buga mini hatimi. Wanda bai yarda ba ya zo ya shinshina fasfo ɗina.

Gaba da Jinena muka tarar da wani rafi da aka ce jiya busasshen yashi ne, yau ya cika ya batse, kuma ba gada. Motoci sun yi layi nan, sun yi layi can, ana kallon juna. A wurinmu da tuni an fara zagin direba har kakansa. Su kuwa mata suka sauke murhun gawayi, aka ɗora shayi, aka shimfiɗa tabarmi, kasuwa ta ci a bakin ruwa har ya gaji ya janye. Wata dattijuwa da muke kujera ɗaya ta miƙo mini ƙullin dabino da gyaɗa. Na ce na ƙoshi. Ta sake, na sake. Ta mayar. Sai a Ubayyid, ta daɗe da sauka, na buɗe jaka neman hula, na tarar da ƙullin nan a ƙarƙashin hulunan. Lokacin da ta sa, Allah masani. Haka suke. In ka ƙi kyautarsu ba sa fushi, jiran ka juya baya suke yi.

A Khartum, Usman ɗan Baba Haruna ne ya tarbe ni a tasha. Gaisuwarsu sai mai ƙarfin kafaɗa. A dafa ta, a buge ta, a ba ka hannu, a koma kanta.

"Yaya, alhamdu lillah ala salama! Hau arabiyya mu tafi kafin kubri ya cika."

Hausa ce, amma ta sha Larabci har ta ƙoshi. Arabiyya mota, kubri gada, sauran kuma ka kama da hannu. Ya kai ni gidansa a Kalakla. Ba a kwana a ɗaki, ana fito da gadajen igiya tsakar gida, ka kwanta kana kallon sama kamar bafulatani. Karin kumallo kuma sai da hantsi, wake manya-manya da aka dafa ya yi lugub, an kwarara masa man riɗi, kowa da burodinsa a kwano ɗaya, har mai wucewa a titi sai an kira shi. Na ci, na ƙara. Amma na lura Usman juya loma kawai yake yi, wayarsa a gefen kwano.

Na ce, "Ƙane, ko na cinye naka ne?"

Ya ce, "Yaya, kogi ne. Yana tasowa, bana ya wuce na kowace shekara. Baba kuma ya ƙi tashi."

Ashe Baba Haruna a Aljirif yake zaune, bakin Nilu, wurin masu buga jan bulo. Ya daɗe yana musu gadi, da ya tsufa suka bar shi a wurin suna kula da shi. 'Yarsa Asha ta gyara masa wuri a gidanta na Umdurman, ya ce ba inda za shi.

Muka tafi a ranar. Jama'a, na ga Kwara, na ga tafkin Chadi, amma ban taɓa ganin ruwa mai fushi a natse irin wannan ba. Ja ne kamar kunun kanwa, ba ƙara, ba kumfa, tafiya kawai yake yi, yana ɗauke da itatuwa da saiwarsu. Ramukan da ake haƙar laka duk sun nutse. Masu bulon, mutanen yamma ne da fari da rigima suka koro, suna ta jera buhunan yashi. Shugabansu Abbakar ya kafa sanda a bakin ruwa don awo. Sanda ce da aka kafa da safe, amma kanta kawai ake gani.

A ƙarƙashin wata darbejiya, taku kaɗan daga buhunan, sai ga ɗakin. Su karafan suke ce masa. Ɗaki ne na farin ƙarfe irin na tukunya, mai zagayayyen baya kamar burodi, ƙafa biyu, da dogon wuya a gaba inda ake ɗaura shi a mota. Na wani Bature ne mai duba gonakin auduga, wanda Baba ya yi wa kuku yana saurayi. Da zai koma ƙasarsu ya bar masa. Da aikin auduga ya mutu, tarakta ce ta jawo shi nan, tun daga ranar kuma bai motsa ba. Na sa kai ciki, sai na cire takalmi ba wanda ya ce in cire. Jan katako yana sheƙi kamar an shafa masa man shanu, 'yan durowoyi kowace da maɓallinta, wurin wanke hannu bai fi kwanon sha ba, gado a can baya, labule masu ɗinkin hannu. Abin da ya girme ni, amma ko ƙura babu.

Shi kuma mai ɗakin ɗan tsurut ne a cikin farar jallabiya. Ya riƙe hannuna ya ƙi saki.

"Ɗan Kano. Dala na nan?"

"Tana nan, Baba."

"Madalla. Ubana ya ce in an hau ta ana ganin duniya."

Hausarsa tsaf, irin wadda ko a cikin gari sai a bakin tsofaffi. Bai taɓa taka Kano ba.

Asha na zaune a bakin ƙofa, ido ya kumbura. Ta ce wa ubanta, "Yaba, ruwa ya kusa zuwa gindin darbejiya."

"Na gani, ai ba makaho ba ne ni."

"To me muke jira?"

"A gadon nan aka haife ki. A gadon nan uwarki ta cika. In bar ta kogi ya ci kamar tsohon gwangwani?" Ya shafa bangon ƙarfen, don shi "ita" yake ce wa ɗakin. "Ku kawo abin da zai ja ta, in bi ku duk inda kuka ce. In babu, ku ba mu wuri ni da baƙona mu sha gahawa."

Na yi zaton matsalar rashin mota ce. Ashe yawan motoci ne. Usman ya kawo 'yar motarsa da yake haya da ita. Abbakar ya kawo lorin da suke dakon bulo. Wani surukin Asha ya kawo ƙaramar bas. Kowa ya rantse tasa ce za ta ja ɗakin Baba, ɗaya har da sakin matarsa, wanda a can rantsuwa ce da ake yi ko a kan kofin shayi. In aka zaɓi ɗaya an ci fuskar biyu, shi ya sa aka yi ta zama ana shan gahawa, kogi yana cin sanda. Baba ya dube ni ya ce, "Baƙo zai zaɓa. Shi ba wanda zai riƙe shi a zuci, gobe ya tafi."

Kun san na yi dillancin motoci kafin gwiwa ta hana ni leƙa ƙarƙashinsu. Abin da na sani shi ne, mai ja dole ta fi abin da take ja nauyi da tsawon tsayuwa, in ba haka ba ɗakin ne zai tuƙa motar. Ta Usman ba ta da shasi, jikinta ne ƙashinta, ba inda za a kama. Na ce masa, "Ƙane, wannan amarya ce, ba a sa amarya dakon ɗaki." Aka yi dariya, ya haƙura. Lorin Abbakar kuwa ko masallaci aka ɗaura masa zai ja, amma ƙugiyarsa ta kai ƙirjina tsayi, bayansa kuma ba tausayi. In ya faɗa rami biyu, katakon Baba ya koma ashana. Na ce masa ba a aiken giwa ɗaukar ƙwai, na ƙara da cewa akwai aikin da ba mai iyawa sai shi, ya dakata. Bas kuma tun daga nesa na ji ƙaurin kulocinta.

Sai aka rasa mota gaba ɗaya. Asha ta dube ni irin kallon nan na wa ya gayyato wannan.

Ina cikin zufa sai na hango wata a-kori-kura, su boksi suke cewa, ta kawo buhunan yashi. Mummuna ce ta gaske, fenti uku a jikinta, ƙofa ɗaure da waya. Amma doguwa ce, mai gas, tana ja da ƙafa huɗu, kuma ta hau gangaren laka da kaya ko tari ba ta yi ba. Na manta da gwiwa, na kwanta na shige ƙarƙashinta. Shasi kamar layin dogo, ba tsatsa, ba walda.

Sai na ga ƙafafu a kusa da kaina. "Ya Haj, me ka ɓatar a ƙarƙashin Hajjata?"

Attayib ke nan, mai motar, jikan mutanen Mai Wurno, garin da mutanenmu suka kafa a can, baki kamar rediyo. Na fito na faɗa masa buƙata. Ya dubi ɗakin, ya dubi tsohon, ya ce, "Halas, an gama. Hajja ta ja albasa, ta ja kankana, ta ja gawa. Ɗaki ne kawai ba ta taɓa ja ba." Tunda shi ba ya cikin masu rantsuwa, ba wanda ya ji ciwo.

Washegari muka kwance kan wuyan ɗakin, wato ƙoƙon da ke hawa kan ƙwallon ƙarfe, muka sa a buhu sai unguwar makanikai ta Umdurman. Ƙwallon irin na da ne, babu shi a kasuwa. Wani mai injin feƙe ƙarfe ya karɓa, ya juya, ya ɗauko guntun ƙarfen tsohon lori ya fara feƙewa, yana gwadawa yana ragewa, har ya zauna daram. Attayib ya so a liƙa shi a bamba a huta. Na ce bambar da iska ma ke kaɗawa? Sai da aka ɗinke katon ƙarfe a jikin shasi hagu da dama, aka sauko da ƙwallon daidai tsayin wuyan ɗakin don kada ya tafi yana ɗaga hanci ko yana sunkuyo. Aka sa zobe biyu na sarƙa. Aka wanke lagireto, aka sake takalman birki, aka ƙara ganye ɗaya a sifirin na baya. Madubai kuma aka yi musu dogayen hannuwa na rodi, Hajja ta koma kamar saniya mai ƙaho.

Ana tsakiyar walda, Abbakar ya bugo waya ya ce sanda ta biyu ta nutse. Na juya in ce a hanzarta, sai na ga mai walda ya kashe inji. Mai feƙe ya kashe. Layin gaba ɗaya ya yi tsit. An kawo wake.

Na ce, "Jama'a, kogi fa!"

Mai waldar ya matsa mini wuri a tabarma ya ce, "Kogi ya karya tun asuba, ya Haj. Mu ne ba mu karya ba. Bismilla."

Na zauna ina ci ina jin haushi. Amma da suka tashi, sai na ga makanikan da ba ruwansu da aikinmu sun baro shagunansu. Labarin tsohon ya zaga a bakin kwano. Wannan ya ja wayar fitilun baya, wancan ya kawo tayoyi biyu masu rai daga wani lungu, wani ya ce shi zai bi mu Aljirif ya duba boris ɗin ƙafafun ɗakin. Aikin da na yanke wa yini biyu, kafin la'asar an share shi. Tun ranar na daina yi wa wake gaggawa.

A Aljirif aka ɗaga ɗakin a jak. Tsofaffin tayoyin suka ruguje a hannu kamar ƙanzo. Aka wanke boris da kananzir aka cika da giris, aka yi ta lallashin birkin ɗakin da mai da guduma har ya saki. Lorin Abbakar ya samu aikinsa, ya kwaso ɓaraguzan bulo da katako aka shimfiɗa hanya a kan laka. Bas ta kwashe tukwane da mata. Motar Usman ita ce 'yar aike. Kowace rantsuwa ta samu inda ta fake. Kafin magariba muka ɗaura, muka gicciya sarƙoƙi, na ja da baya na duba: mota da ɗaki sun miƙe kamar an ja zare. Na gargaɗi Usman da Asha cewa kada a sa komai mai nauyi a bayan ɗakin, can wajen gado. Suka ce to.

A gabana Abbakar ya zo ya durƙusa, ya ce suna da ragowar bulo da suka tsame daga ruwa, suna so Baba ya tafi da shi ya yi 'yar rumfa a sabon wuri. Baba ya ce, "Wannan ne abincin yaranku har kogi ya janye. Wallahi ko ɗaya." Abbakar ya sake, Baba ya sake. Abbakar ya tashi ya tafi.

Da gari ya waye, ruwa ya ratso ta ƙarƙashin buhuna, yana lasar katakon da muka shimfiɗa. Muka dawo daga masallaci da Baba muka tarar Abbakar har ya kulle ɗakin, ya miƙo makulli da hannu biyu. Attayib ya zagaya motarsa ya daki ƙirji.

"Haj, dubi bayan Hajja! Jiya ya ɗan zauna, yau ya ɗaga. Ganyen nan da muka ƙara, ko jin ɗakin ba ta yi!"

Baba ya nufi ƙofar ɗakinsa zai shiga. Attayib ya tare shi ya ce ba a hawa abin da ake ja, in ya so ya tsine masa. Suka yi ta yi, a ƙarshe muka sa tsohon a tsakiyarmu a gaba, ya kafa ido a madubin gefe.

Hajja ta yi gurnani, ƙafa huɗu suka kama, ɗakin ya ƙi. Sai masu bulo suka sa kafaɗa, su da yawa, suna salati da murya ɗaya. Na ji wani nishi daga ƙasa, laka ta saki, ɗakin da ya shekara aru-aru a wuri ɗaya ya taka. Mata suka rangaɗa guɗa. Masu bulo suka bi mu da gudu har kwalta, laka har gwiwa, suna ɗaga hannu. Baba bai waiwaya ba, madubi kawai yake kallo.

A cikin unguwa, muna tafiyar hawainiya, lafiya lau. Sai da muka hau gadar farko, muka fara gangarawa, mota ta ɗan samu gudu, iskar kogi ta bugo. Na ji bayan Hajja ya yi sakayau. A madubi na ga ɗakin ya leƙo ta hagu, ya ɓace, ya leƙo ta dama. Kowane leƙe ya fi na baya. Ga ƙarfen gada, ga jan ruwan nan a ƙasa.

Baba ya ce, a hankali, "Tana rawa."

Na ce, "Attayib, kada ka taka birki!"

"Ban taka ba, Haj, ƙafata ce ke rawa ita ma!"

Rediyo ya mutu. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya ɗage ƙafa daga mai, ya bar ta tana rage gudu da kanta. Ni kuwa duk addu'ar da na sani na karanta, har da ta shiga kasuwa. A bayanmu wani mai bas da wani mai raksha, wato keke mai ƙafa uku, suka jera suka tare hanya, hannuwa a waje, ba wanda ya danna ham. Rawa ta ragu, ta ragu, muka sauka gada muka raɓe a gefe.

Na karɓi makulli na buɗe. Tsakiyar ɗaki wayam. Na ɗaga katifa. Jan bulo ne, jere reras a ƙarƙashin gado, a cikin 'yar makewayi, a durowar baya, duk inda ido ba ya kai wa, kuma duk a bayan ƙafafu. Shi ya ɗage wuyan ɗakin, ya ɗage bayan Hajja. Kuma kowane jeri su Abbakar sun naɗe shi da buhu don kada ya karce wa tsohon katakonsa.

Baba ya leƙa, ya daɗe yana kallo, ya zauna a matakalar ɗaki.

Usman ya iso a gigice. Da ya gani ya ce, "La ilaha illallah! Sun kusa kashe mu da alheri. A sauke a bar shi nan."

Baba ya ce, "Ko ɓari ba za a bari ba."

To ina za a sa? Sai bayan Hajja, a matso da shi gaba kusa da kai. Na naɗe hannun riga ina tunanin bayana. Ban ɗauki na uku ba sai na ji an karɓe daga hannuna. Mai bas ɗin nan ne, ya faka, fasinjojinsa sun sauko. Mai shayin gefen titi ta bar murhunta. Wani mai farar jallabiya da jakar ofis ya ajiye jakar a ƙasa. Ɗan sandan hanya ya zo, na ce yau mun shiga uku, sai ya soke hularsa a ɗamara ya shiga layi. Bulo yana tafiya hannu zuwa hannu, ba wanda ya tambayi na wane ne. Da aka gama kowa ya kaɗe hannu ya kama gabansa. Mai jakar ofis ma ban samu na yi masa godiya ba, gaban jallabiyarsa duk ya yi ja.

Yanzu bayan Hajja ya zauna, ɗaki ya bi ta kamar ɗan akuya. Muka ratsa Khartum a hankali. A gada ta biyu Attayib, wanda bakinsa ya dawo, ya nuna mini inda Nilu biyu suka haɗu, ja da fari suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kowa da launinsa. Na kalla, amma gaskiya rabin idona yana madubi.

Lungun su Asha a Umdurman ƙunci gare shi, ƙofar gidan kuma ta fi shi. Aka gwada ta baya, aka gwada a karkace, ɗaki ya fi ƙofa da kamu guda. Sai ga mijin Asha, mutum mai shiru-shiru. Ya shiga ciki ya fito da guduma, ya fara da katangarsa. Maƙwabta suka karɓa. Aka kwance Hajja, aka tura ɗakin da hannu har gindin wata bishiyar lemun tsami a tsakar gida.

Ana cikin haka wayar Usman ta yi ƙara. Abbakar ne. Baba ya miƙa hannu.

"Kai ɓarawon banza," ya ce da Larabci, "wanda ke shiga ɗakin mutane ya ajiye kaya." Daga nan sai ya tsaya saurare. Ya daɗe. Ya miƙa wa Usman wayar.

Asha ta ce, "Yaba, me ya ce?"

"Buhuna sun fashe bayan tafiyarmu. Darbejiya tana cikin ruwa har wuya. Su duk sun hau tudu, ba wanda ya taɓu."

Baba ya ɗauki sandarsa. Ya tashi ya zagaya ɗakin yana dafa shi, ya duba nan, ya duba can. Ya tsaya a kan sabuwar taya, ya ɗan taɓa ta da sandarsa.

"Attayib."

"Na'am, ya Haj."

"Cire mata ƙafafun nan. A ɗora ta a kan bulo."

Attayib ya riƙe baki. "Ƙafafun da muka sha wahala a kansu? Ko yini ba su yi ba! In ka so komawa in kogi ya janye fa?"

Baba ya dubi Asha, wadda ta rufe fuska da gefen lafayarta.

"Ubana ya fito da niyyar Makka bai isa ba," ya ce. "Ni na iso. Cire."

Ni na riƙe jak.